Tashi Ba Wuya, Sauka Ce Aiki: Yadda Jirgin Sama Ya Hau Jirgin Ruwa

Bahaushe da suna ɗaya yake kiran su, jirgi. Na ruwa shi ne na asali, tun zamanin da masu fito ke sassaƙa gungumen itace su tsallakar da mutane kogi. Da Bature ya zo da mai bin dogo aka ce jirgin ƙasa, da mai fukafukai ya bayyana aka ce jirgin sama. Amma suna ɗaya bai sa hali ya zo ɗaya ba. Na ruwa tangaɗi yake yi dare da rana, ga shi cike da dogayen sanduna da igiyoyi da bututun hayaƙi. Na sama kuwa fili yake so, shimfiɗaɗɗe, mai tsawo, wanda ba ya motsi. Yau idan rikici ya taso muka ji a rediyo cewa Amurka ta tura jirginta mai dakon jiragen yaƙi, sai abin ya zo mana kamar haka aka halicce shi. Alhali daga 1910 zuwa wajen 1927 ana ta fama kafin waɗannan biyun su yarda da juna, kuma faman ba a wajen tashi aka sha shi ba. Tashi da yamma ɗaya aka gama da shi. Dawowa ce ta ci mutane.

Me ya kai sojan ruwa neman jirgin sama tun farko? Ido. Duniya a dunƙule take, saboda haka mai gadin da ya hau sandar jirgi mai tsawon mita 30, ganinsa ba zai wuce kilomita 20 ba kafin sama ta haɗu da ruwa. Wanda ya tashi mita 1,000 kuwa zai hango fiye da kilomita 100. A farkon ƙarni na 20 manyan igwogin jiragen yaƙi sun fara jefa harsashi kusan iyakar ganin mai harbin, har ta kai ana harbi ba a tantance inda ya faɗa. Kwamandan da ya riga abokin gabarsa sanin inda yake, da yawan jiragensa, da inda ya dosa, ya ci rabin yaƙi. Wannan sha'awa ta girmi jirgin sama ma. A 1861, lokacin yaƙin basasar Amurka, an riƙa ɗaure balan-balan a wani kwale-kwalen dakon kwal a kogin Potomac, mutum ya hau ya leƙa sansanin abokan gaba.

A watan Satumbar 1910 rundunar sojan ruwan Amurka ta ɗora wa wani hafsa, Kyaftin Washington Chambers, kula da duk abin da ya shafi jiragen sama. Ba a ba shi kuɗin kirki ba, ba shi da jirgi ko ɗaya, ba shi da matuƙi. Ya nemi 'yan gidan Wright, waɗanda suka fara tashi a 1903, su gwada masa tashi daga jirgin ruwa, suka ƙi. Wanda ya amsa wani saurayi ne farar hula mai suna Eugene Ely, mai yi wa kamfanin Glenn Curtiss wasan jirgi a wuraren taro, mutumin da ko iyo bai iya sosai ba. Kafintoci suka kafa dandamalin katako mai tsawon mita 25 a goshin wani jirgin yaƙi, Birmingham, suka ɗan karkata shi ƙasa. Ranar 14 ga Nuwamba 1910, a Hampton Roads ta jihar Virginia, ga hadari ga yayyafi, Ely ya gaji da jiran a ɗaga anga, ya ce a sake shi. Jirginsa ya gangaro, ya bar katako, ya yi ƙasa har tayoyi da bakin farfela suka daki ruwa, feshi ya rufe masa tabarau. Da ƙyar ya ɗaga, kuma cikin 'yan mintoci ya sauka a gaɓar yashi mafi kusa.

Wata biyu bayan haka ya yi babban. Ranar 18 ga Janairu 1911, a mashigin San Francisco, aka shimfiɗa wani dandamalin mai kimanin mita 37 a bayan jirgin yaƙi Pennsylvania. A nan ne abin da ya fi burge ni a duk labarin yake. Jirgin Ely ba shi da birki, to me zai tsayar da shi? Sai aka gitta igiyoyi 22 a kan katakon, aka ɗan ɗaga su daga ƙasa, kowace aka ɗaura mata buhun yashi mai nauyin kilo 23 a kowane baki. A ƙarƙashin jirgin aka maƙala ƙugiyoyi, dabarar wani abokin aikinsa mai suna Hugh Robinson. Kowace igiya ƙugiya ta kama, sai ta ja buhu biyu, nauyi na ƙaruwa a hankali har jirgi ya tsaya ba tare da ya kifa ba. Ely ya naɗa tib ɗin keke a ƙirji don kada ya nutse, ya sa hular 'yan ƙwallo, ya taso daga wani filin sukuwa. Iska ma ta bayansa ta biyo, wadda ita ce mafi muni ga mai sauka. Ya tsallake igiyoyin farko, ya kama na gaba, ya tsaya cak. Ya ci abinci da kyaftin ɗin jirgin, bayan kamar awa ɗaya aka juya masa jirginsa, ya tashi ya koma.

Igiya a gicce da ƙugiya a ƙasan jirgi: har gobe da wannan ake tsayar da jirage masu gudun da ya zarce sauti, sai dai igiyar ta zama ta ƙarfe, buhun yashi ya zama inji. Wato tun ranar farko aka samu amsa. Amma sai da Amurka ta yi kusan shekara 12 kafin wani jirginta ya sake sauka a doron jirgin ruwa. Shi kuwa Ely, a watan Oktoban wannan shekarar ya faɗi a wajen wasa a garin Macon na jihar Georgia ya mutu, yana da shekara 24.

Mutane kan ɗora laifin wannan jinkiri a kan taurin kan tsofaffin hafsoshi. Akwai wannan, amma ni ban ga wautarsu ba. Dandamalin da aka yi wa Ely ya rufe igwogin baya na Pennsylvania. A idon hafsan ruwa na lokacin, igwa ita ce jirgi, sauran duk abin ɗaukarta ne. A ce masa ya toshe bakin igwarsa saboda wani abu na gora da zane da waya, wanda bai iya ɗaukar mutum biyu da kyau ba, kuma ba ya tashi in iska ta yi ƙarfi? Ga shi kuma jirgin a tsaye yake a ruwa mai kwanciya lokacin gwajin. Saboda haka da wata hanya ta ɓullo wadda ba ta taɓa igwa, kowa ya ruga can.

Hanyar ita ce jirgin sama mai sauka a ruwa. Wani Bafaranshe, Henri Fabre, ya fara tashi daga kan ruwa ranar 28 ga Maris 1910 kusa da Marseille. Curtiss ya bi sahu, kuma a Fabrairun 1911 ya sauka a gefen wannan Pennsylvania ɗin dai a San Diego, aka ɗaga shi da injin ɗaga kaya zuwa ciki, aka sake sauke shi ya tashi. Shi ke nan, teku kanta ta zama filin jirgi, ba katako, ba igiya. Ranar 8 ga Mayu 1911 rundunar ta yi odar jiragenta na farko daga Curtiss. Faransa ta gyara jirginta Foudre don ɗaukar irin waɗannan. A Ingila Charles Samson ya tashi daga jirgin yaƙi Africa a Janairun 1912, sannan a Mayu ya tashi daga Hibernia yana cikin tafiya, amma su ma can kan ruwa hankalinsu ya koma. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, Japan ce ta fara kai hari da jiragen da jirgin ruwa ya yi dakonsu: a Satumbar 1914 Wakamiya ya riƙa sauke jirage ƙirar Farman a ruwa suna zuwa jefa wa Jamusawa bam a Tsingtao ta ƙasar Sin.

Sai dai teku ba tafki ba ce. A maimakon taya, waɗannan jirage ƙananan kwale-kwale ne a ƙafafunsu, masu nauyi, masu tare iska, ga su da saurin fashewa in igiyar ruwa ta mare su. Ranar Kirsimetin 1914 Ingila ta kai hari yankin Cuxhaven na Jamus da jirage tara daga wasu jiragen fito uku da aka gyara. Bakwai ne suka iya barin ruwa, uku kacal suka komo wurin rundunar. Sauran matuƙan, wasu jirgin ƙarƙashin ruwa ne ya tsince su, wasu masuntan Holan. Abin da ya fi wannan muni, dole uwar jirgin ta tsaya cak kafin ta sauke ko ta ɗauki ɗanta. Tsayawa kuwa a tekun da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus ke farauta, neman mutuwa ne. Kowane hafsan Ingila yana tune da ranar 22 ga Satumba 1914, da jirgin ƙarƙashin ruwa guda ɗaya ya nutsar da manyan jirage uku, Aboukir da Hogue da Cressy, biyun ƙarshe saboda sun tsaya ceton na farko. Sama da mutum 1,400 suka halaka.

Duk da haka amfanin ido daga sama ya bayyana, kuma ɗaya daga cikin wuraren da ya fi fitowa fili a nan Afirka ne. Jirgin yaƙin Jamus Königsberg ya shige can cikin bakin kogin Rufiji, a ƙasar da ake kira Tanzaniya yau, ya ɓuya a surƙuƙin itatuwa inda manyan jirage ba sa iya binsa. Jiragen saman da aka fara kawowa zafi ya gagare su: gam ya narke, katako ya lanƙwashe, iska mai zafi kuma ba ta da kaurin da za ta ɗaga fukafuki da kyau. A ƙarshe jirage masu taya ne, da ke tashi daga tsibirin Mafia, suka yi aikin. A Yulin 1915 wasu jiragen igwa biyu na Ingila marasa zurfin ciki, Severn da Mersey, suka shiga kogin suna harbin abin da ba sa gani, na sama yana gaya musu ta wayar iska ko harsashi ya wuce ko bai kai ba. Ranar 11 ga wata suka gama da shi.

A babban karon Jutland kuwa, tsakanin rundunonin ruwan Ingila da Jamus, ranar 31 ga Mayu 1916, jiragen yaƙi kusan 250 suka haɗu, amma jirgin sama ɗaya tak ya tashi. Frederick Rutland ne ya tuƙa shi daga Engadine, jirgin Ingila mai dakon jiragen sama masu sauka a ruwa. Ya ga jiragen Jamus, abokinsa ya aiko da saƙo, saƙon bai isa ga kwamanda ba, bututun mai ya fashe, ya sauka a ruwa. Ku riƙe sunan Rutland, za mu sake haɗuwa da shi.

Abin da ya tilasta komawa kan taya shi ne Zeppelin, ƙaton balan-balan mai inji da Jamus ke leƙen rundunar Ingila da shi. Yana hawa can ƙololuwa, inda jirgi mai kwale-kwale a ƙafa ba zai taɓa cim masa ba. Sai ƙaramin jirgi mara nauyi irin Sopwith Pup. A nan wata dabara ta shigo wadda ita ce ginshiƙin wannan sana'a baki ɗaya. Fukafuki ba ruwansa da gudun taya a ƙasa, iskar da ke ratsa shi kawai ya sani. In jirgin ruwa ya juya goshi ya fuskanci iska, ya kuma saki gudu, to gudunsa da na iskar haɗuwa suke yi a kan doronsa. Ƙaramin jirgin da ke tsaye a kai tuni yana jin kamar ya yi nisa da gudu. Da haka Rutland ya tashi daga dandamalin da bai wuce mita shida ba a kan jirgin Yarmouth a 1917, daga baya ma aka riƙa ɗora katako a kan murfin manyan igwa, a juya igwar ta fuskanci iska. Hafsoshi suka ji daɗi, igwarsu na nan.

To a ina zai sauka? Babu. Ranar 21 ga Agusta 1917 wani matuƙi, B. A. Smart, ya tashi daga Yarmouth ya harbo Zeppelin L23, sannan ya jefa jirginsa a teku kusa da 'yan'uwansa ya jira a tsamo shi. Haka tsarin yake. Jirgin sama ya zama kamar harsashi, in an harba ba a sa ran dawowarsa, matuƙi kuwa sai yadda ta yiwu a ruwan sanyin Tekun Arewa.

Jirgin da ya fi kowane nuna wannan ja-in-ja tsakanin igwa da fili shi ne Furious na Ingila. An ƙera shi ne don ɗaukar igwa biyu masu faɗin baki inci 18, gaba da baya. Kafin a gama aka cire ta gaba, aka yi rumfar jirage da filin tashi mai kimanin mita 70, aka bar ta baya, aka bar ɗakin tuƙi da bututun hayaƙi a tsakiya. Shugaban matuƙansa, Edwin Dunning, ya yi lissafi: in jirgin ya yi gudun kilomita 48 a awa cikin iska mai kusan 39, Pup zai iya rage gudu har ya zama kamar yana rataye a gefensa. Ranar 2 ga Agusta 1917, a Scapa Flow, tashar rundunar ruwan Ingila, ya biyo gefen jirgin, ya wuce bututu da ɗakin tuƙi, ya zamo a karkace zuwa kan filin gaba. Abokansa suka rugo suka kama madaukan da aka ɗaura a fukafukai da wutsiya, suka janyo shi ƙasa da hannu, kamar masu kama ɗan maraƙi. Wannan ce sauka ta farko a kan jirgin ruwa mai tafiya. Bayan kwana biyar ya sake gwadawa. Ya sauka sau ɗaya, ya hau wani jirgin ya koma. A zuwan ƙarshe ya ga bai daidaita ba, ya yi wa mutane hannu su kauce, ya ba da wuta don ya sake zagayowa, inji ya shaƙe. Jirgin ya faɗa ta gefen dama. Ya suma a ciki, ya nutse. Shekararsa 25.

Sai aka cire igwar baya ita ma, aka shimfiɗa filin sauka a wurinta, amma bututu da ɗakin tuƙi suna nan a tsakiya. Wannan ya fi na da haɗari. Iskar da ta daki gini takan karye ta murɗe a bayansa, kamar yadda guguwa ke juyi a lungun katanga, ga kuma hayaƙi mai zafi. Matuƙi zai zo lafiya, daidai lokacin da yake buƙatar iska mai santsi sai ta ɓace masa, ya faɗo, ko ya je ya daki ragar igiya da aka kafa gaban bututu. Sauka uku kacal aka yi lafiya kafin a hana. Taura biyu ba ta taunu ba. Shi ya sa ranar 19 ga Yuli 1918, da Furious ya saki jirage bakwai ƙirar Camel suka je sansanin Jamus da ke Tondern suka ƙone Zeppelin biyu a rumfarsu, harin farko na irinsa a tarihi, babu ko ɗaya da ya dawo kan doronsa. Uku suka sauka a Danmak aka tsare su, uku suka faɗa ruwa aka tsamo matuƙan, ɗaya teku ta ci.

Darasin ya fito: ba jirgin sama za a gyara ba, na ruwa ne zai haƙura da kamanninsa. A Ingila an ɗauki gangar wani jirgin fasinja da ake ƙera wa Italiya, Conte Rosso, aka gwada ƙaramin samfurinsa a ramin gwajin iska, aka ga duk abin da ya tsaya a sama fitina ne, aka share komai. Hayaƙi aka bi da shi ta ƙarƙashi zuwa baya, ɗakin tuƙi aka yi shi mai nutsewa ƙasa in za a yi sauka. Aka sa masa suna Argus, ya fara aiki a Satumbar 1918. Matuƙan ruwa suka riƙa yi masa ba'a suna kwatanta shi da dutsen guga. An shirya ya kai jirage masu jefa bam mai iyo a ƙarƙashin ruwa su afka wa rundunar Jamus a tasharta, sai yaƙi ya ƙare a Nuwamba.

Fili fetal ma da nasa ciwon kai. Mai tuƙin jirgin ruwa ba ya gani da kyau, hayaƙi kuma yana gasa rumfar da ke ƙasa. Sai aka koma tsakiya: a tattara ɗakin tuƙi da bututu a siririn gini ɗaya, a tura shi can gefe. A kan Argus aka fara gwada wannan da ginin katako da tamfol. Me ya sa gefen dama? Injinan lokacin da yawa gaba ɗayansu suke juyawa tare da farfela, kuma an lura matuƙin da ya fasa sauka hagu yake karkata. Sai aka bar masa hagun a buɗe. Injinan sun daɗe da shuɗewa, ginin yana dama har yau. Japan ta gwada hagu a jirage biyu, Akagi da Hiryu, ba ta sake ba.

A ƙarshen 1918 Ingila ta yi wa kowa fintinkau, amma da hannunta ta rage wa kanta gudu. Ranar 1 ga Afrilu 1918 ta haɗe sashen jiragen sama na sojan ruwa da na sojan ƙasa ta kafa rundunar sama mai zaman kanta. Mutum kusan 55,000 da jirage kusan 3,000 suka bar hannun sojan ruwa, har da mafi yawan waɗanda suka san wannan aiki. Daga nan jirgin ruwa na wani ne, jiragen da ke kansa na wani, gida ɗaya masu gida biyu, kuma sai 1939 aka mayar wa mai shi kayansa. Wannan a ganina ya fi duk wani kuskuren ƙira tsada, domin an yi shekara 20 ba a samu manyan hafsoshin ruwa da yawa da suka taso daga tuƙin jirgin sama ba. A 1921 kuma ta aika tawaga ƙarƙashin William Forbes-Sempill ta koya wa Japan aikin. Hosho, jirgi na farko da aka ƙera don wannan aiki tun daga tushe ya kuma fara aiki, na Japan ne, a Disambar 1922, kuma wani Baturen Ingila, William Jordan, shi ya fara sauka a kansa. Rutland ma Japan ya koma da iliminsa, har a 1941 ƙasarsa ta tsare shi bisa zargin yi musu leƙen asiri.

Amurka kuwa da tsohon jirgin dakon kwal ta fara, Jupiter, wanda aka rufa wa fili a ka aka sa masa suna Langley a Maris ɗin 1922. Ba shi da gudu, ba shi da kyau. Har ɗakin tattabaru aka yi masa, domin wayar iska ta lokacin ba abin dogaro ba ce, matuƙi kan tafi da tattabara don in ya faɗi ya aiko da saƙo. Duk mai kiwon tattabaru zai iya gaya musu inda matsalar take: tattabara gida ta sani, gidan da ke yawo a teku kuwa ba gida ba ne. Ranar da aka saki garken gaba ɗaya, tashar Norfolk inda aka horar da su suka koma. A Oktoban 1922 Virgil Griffin ya fara tashi daga Langley, Godfrey Chevalier ya fara sauka. Mataimakin kwamandan jirgin, Kenneth Whiting, yakan tsaya a kusurwar baya ta hagu yana kallon kowace sauka, jikinsa na motsi ba da saninsa ba, ya duƙa in jirgi ya yi sama da yawa, ya miƙe in ya yi ƙasa. Matuƙa suka ce wannan na taimakonsu. Daga nan aka samu hafsan da aikinsa kenan, tsayawa a baya yana yi wa mai sauka ishara.

A wajen igiya an yi dogon zagaye. Ingila ta fi tsoron iska ta ture jirgi ta gefe, kamar yadda ta faru da Dunning, sai ta miƙa wayoyi a tsaye daga gaba zuwa baya don su riƙe jirgi a kan layi. Suka riƙa karya ƙafafun jirage, ta cire su a tsakiyar shekarun 1920, ta zauna ba igiya sam har farkon shekarun 1930. Amurka ta haɗa na tsaye da na gicce, daga baya ta watsar da na tsayen. Kowa dai ya dawo kan abin da Ely ya yi da buhunan yashi.

Sauran aikin yarjejeniya ce ta ƙarasa shi, ba da niyya ba. A Fabrairun 1922 manyan ƙasashe suka sa hannu a Washington kan taƙaita manyan jiragen igwa. Jirage da dama da ake cikin ƙerawa sai dai a yanka su. Amma an ware wa masu dakon jirage nasu kason, tan 135,000 ga Amurka, haka ga Ingila, 81,000 ga Japan, kuma aka yarda kowa ya juya biyu daga cikin waɗancan zuwa wannan aiki. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Amurka ta samu Lexington da Saratoga a 1927, kowane tsawonsa mita 270, yana gudun sama da kilomita 60 a awa. Japan ta samu Akagi da Kaga. Da kuɗin masu dakon jirage aka je nema kai tsaye, babu majalisar da za ta ba da na ƙera irin waɗannan ƙattai a lokacin.

Abu na ƙarshe ba na ƙarfe ba ne, na tsari ne, kuma ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. Sauka ɗaya lafiya ba ta cin yaƙi, tambayar ita ce jirage nawa za ka sauke kafin na sama man su ya ƙare. A tsarin Ingila kowane jirgi ya sauka sai an kai shi ƙasa da lif, an share fili, kafin na biye ya zo. Joseph Reeves, wanda ya karɓi jagorancin jiragen saman rundunar Amurka a 1925, ya sa aka kafa shingen waya mai kwanciya da tashi a tsakiyar filin Langley. Jirgi ya sauka, a kwantar da shinge, a tura shi gaba, a tayar da shinge, na biye ya shigo. In ƙugiyarsa ta kuskure igiya, shinge zai tare shi kafin ya afka wa waɗanda ke fake. Ma'aikatan doro aka sa musu riguna masu launi daban-daban don a san aikin kowa cikin ƙarar inji. Langley da ke ɗaukar jirage goma sha 'yan kai ya koma ɗaukar sama da 30. A Janairun 1929, a wani atisaye, Reeves ya ware Saratoga daga manyan jiragen igwa, ya yi gudun dare da shi, ya saki jiragensa kafin asuba a kan mashigin Panama. Alƙalan atisayen suka yanke cewa an lalata ƙofofin mashigin, suka kuma yanke cewa an nutsar da Saratoga bayan haka. Kowane ɓangare na gardamar ya tafi da abin kafa hujja.

Furious kuwa, an sake shigar da shi tasha bayan yaƙi har zuwa 1925, aka share bututu da ginin tsakiyar da suka hana Dunning sauka kai tsaye. Shi da Argus sun kai yaƙin duniya na biyu, sun tsufa, ana yawan sa su aikin dako. A 1940, da Italiya ta shiga yaƙi hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, Ingila ta buɗe wata hanya ta kai jiragen yaƙi Masar ta Afirka ta Yamma. Argus ya iso Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, a Satumba da jirage ƙirar Hurricane, Furious ya biyo baya a Nuwamba. Daga can jiragen kan tashi rukuni-rukuni, babba ɗaya na gaba yana nuna hanya, su bi ta Ikko, su sauka Kano su sha mai, su wuce Maiduguri, su tsallaka Chadi zuwa Sudan, sannan su bi kogin Nilu har Alƙahira.